Harsashin Zubi: Yadda Ake Raya Tsofaffin Bindigogi a Amurka da Birtaniya, da Inda Doka Ta Ja Layi

A watan Disamba na 2017 wata kotu a birnin Birmingham na Ingila ta yanke wa wani dillalin tsofaffin bindigogi mai suna Paul Edmunds hukuncin ɗaurin shekara 30. Bindigogin da ya riƙa sayarwa da yawansu sun tsufa har masana'antu sun daina yi musu harsashi, kuma a dalilin haka dokar Birtaniya ta lokacin ta ɗauke su tamkar kayan tarihi da mutum zai iya ajiyewa ba tare da lasisi ba. Edmunds sai ya riƙa haɗa musu harsashi da hannunsa a gida. Masu bincike sun danganta bindigoginsa da harsasansa da wuraren aikata laifi sama da 100, ciki har da kisan kai guda uku.

Shari'ar ta fito da wata sana'a da ba kowa ya san da ita ba a wajen ƙasashen Yamma, wato ɗura harsashi da hannu da kuma zuba ƙwayarsa da dalma. Mafi yawan masu yin ta a Amurka da Turai manoma ne da mafarauta da masu gasar harbin bara, wasunsu sun gaji bindiga daga kakanninsu suna son ta ci gaba da aiki. Sai dai ilimin da ke raya bindigar kaka shi ne kuma ya mayar da kayan tarihi makamin kisa a titunan Birmingham. Wannan ne ya sa sana'ar ta shiga muhawarar dokokin makamai, da ta lafiyar jama'a, da ta kare muhalli.

Mene ne ɗurin harsashi da hannu

Abin da Bahaushe yake kira harsashi a dunƙule, abubuwa huɗu ne aka haɗa. Na farko kwanso, wanda galibi na tagulla ne. Na biyu makunni, wata 'yar hular ƙarfe da ke zaune a gindin kwanson, ɗauke da sinadarin da ke tartsatsi idan allurar bindiga ta doke shi. Na uku albarushi, wanda ke ƙonewa ya haifar da iska mai matsi. Na huɗu ƙwayar da ke fita daga bututun bindiga. Idan aka harba, ƙwaya ta tafi, albarushi ya ƙone, makunni ya mutu, kwanso kaɗai yake saura. Shi ne kuma mafi tsada a cikin huɗun, kuma ana iya sake amfani da shi sau da yawa kafin ya tsage.

Mai ɗuri da hannu yakan tattara kwansunan da ya harba, ya tsaftace su, ya mayar da su girmansu na asali da wani matsi na ƙarfe, ya sa sabon makunni da albarushin da ya auna, sannan ya ɗora ƙwaya. Wasu sayen ƙwayar suke yi daga kamfani. Wasu kuma narka dalma suke yi su zuba a mazubi, su fitar da ƙwayar da kansu. Wannan rukuni na biyu su ne masu harsashin zubi.

Ba kowane harsashi ne ke karɓar ɗuri na biyu ba. Wanda sinadarin tartsatsinsa ke cikin leɓen gindin kwanso, kamar .22 Long Rifle da ya fito a 1887, da an harba shi aikinsa ya ƙare. Wanda makunninsa ke tsakiyar gindi shi ne ake iya sabuntawa. Shi ma iri biyu ne, kuma duka biyun sun samo asali ne a wajajen 1866: na Edward Boxer ɗan Birtaniya, da na Hiram Berdan ɗan Amurka. Abin mamaki, ƙirar Baturen Ingila ce ta kafu a Amurka, ta Ba'amurken kuma ta fi yaɗuwa a Turai da rundunonin soji na gabas. Makunnin Boxer ya fi sauƙin cirewa, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa ɗurin gida ya yi jijiya a Amurka fiye da ko'ina.

Asalin al'adar

Kafin a ƙirƙiro kwanson tagulla, kowane mai bindiga maɗurin kansa ne. Ta baki ake ɗura bindiga, kuma mazubin dalma na cikin kayan da ake saye tare da ita. Da harsashin kwanso ya yaɗu bayan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, al'adar ba ta mutu ba, domin mutumin da ke zaune a yammacin ƙasar yana iya yin tafiyar kwanaki kafin ya isa kantin da ke sayar da harsashi. Mafarautan ɓaunar Amurka na shekarun 1870 sun riƙa tafiya da sandunan dalma da gwangwanayen albarushi, da dare su zauna bakin wuta suna zubi da ɗuri domin harbin gobe. Da irin wannan harsashi, a bindigogi irin su Sharps, aka taimaka wajen ƙarar da garkunan ɓauna da a da ake ƙirga su da miliyoyi, har ya zama 'yan ɗaruruwa suka rage a daji kafin 1890.

Kamfanonin bindiga sun fahimci wannan bukata. Winchester ya riƙa sayar da mazubi da kayan ɗuri daidai da kowace bindigarsa. A 1884 wani tsohon ma'aikacin Winchester mai suna John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a New Haven da ke jihar Connecticut, yana ƙera mazubai da kayan ɗuri na hannu, yana kuma buga ɗan littafin jagora. Kamfanin Marlin ya sayi Ideal a 1910, daga baya a 1925 ya koma hannun Lyman, wanda har yau yake buga littattafan jagorar ɗuri da na zubi. Bayan haka RCBS ya zo a 1943 a Kalifoniya, Lee kuma a 1958 a Wisconsin, da kayan aiki masu araha da suka kai sana'ar gidan talaka.

Abubuwa biyu da suka faru a Turai su suka sauya alƙiblar harsashi. A 1882 wani jami'in sojan Suwizalan, Eduard Rubin, ya fito da ƙwayar dalma mai rigar jan ƙarfe. A 1884 kuma masanin sinadarai na Faransa Paul Vieille ya samar da albarushi mara hayaƙi, wanda ya fi tsohon baƙin albarushi ƙarfi nesa ba kusa ba. Sabon albarushi yana tura ƙwaya da gudun da tsurar dalma ba ta jurewa, don haka sojoji suka koma ga ƙwaya mai riga, mafarautan manyan dabbobi suka bi sahu. Ƙwayar zubi ta saura ga bindigogi masu matsakaicin gudu, da kuma mutanen da ke riƙe da bindigogin da aka ƙera kafin wannan sauyi.

Ƙananan bindigogin da ake magana a kansu

Sunayen tsofaffin harsasan Amurka suna ɗauke da bayaninsu. Lambar farko faɗin bututu ce a ma'aunin inci, ta biyu kuma nauyin baƙin albarushin da aka saba ɗurawa a ma'aunin giren. Giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya, wato giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Saboda haka .32-20 na nufin bututu mai faɗin kusan milimita 8, da giren 20 na baƙin albarushi.

Winchester ya fito da .32-20 a 1882 domin bindigarsa samfurin 1873. Manoma sun so shi domin yana kashe zomo da dila da sauran dabbobin da ke ɓarna a gona ba tare da lalata nama ba, ƙararsa ba ta da yawa, kuma akwai ƙananan bindigogin hannu na Colt da ke cin harsashi iri ɗaya, ta yadda mutum zai riƙe bindiga biyu da guzuri ɗaya. A tsakiyar shekarun 1890 aka matse wuyan kwansonsa aka samu .25-20 Winchester, wanda aka fi sani a samfurin 1892, bindigar da aka ƙera sama da miliyan ɗaya. Duk da ƙanƙantarsa, da .25-20 ne wani mafarauci a Wisconsin mai suna James Jordan ya harbe wani barewa a 1914 wanda ƙahonsa ya riƙe kambun girma na shekaru masu yawa. A 1930 .22 Hornet ya shigo kasuwa, .218 Bee ya biyo baya a ƙarshen shekarun, kuma dukansu sun janye masu saye daga tsofaffin.

Birtaniya tana da nata dangin. A zamanin Sarauniya Victoria masu gonaki sun riƙa amfani da ƙananan bindigogi masu cin harsashi ɗaya domin harbin hankaki da zomo, da harsasai irin su .300 Rook da .297/230 Morris. Sai kuma .310 Cadet, wanda kamfanin Greener ya fitar a 1900, Ostireliya kuma ta yi amfani da shi wajen koya wa ɗaliban soja harbi. Arahar .22 Long Rifle ce ta kashe wa akasarinsu kasuwa.

Yau wasu daga cikin waɗannan harsasai an daina yin su ɗungurungum, wasu kuma kamfani yakan buga kaɗan a shekara ko bayan shekaru, su ƙare a kanti cikin ɗan lokaci. Mai irin wannan bindiga zaɓinsa biyu ne: ya rataye ta a bango, ko ya koyi ɗuri. Masu zaɓin na biyu sukan ce da tsohuwar zuma ake magani.

Me ya sa dalma

Akwai dalilai na fasaha da suka sa ƙwayar zubi ta fi dacewa da tsohuwar bindiga. Cikin bututun bindiga akwai tsage masu murɗawa da ke kama ƙwaya su juya ta domin ta tafi a miƙe. Ƙarfen da aka yi bututu da shi a zamanin baƙin albarushi ya fi na yanzu taushi, kuma ƙwaya mai rigar jan ƙarfe tana cin waɗannan tsage da sauri fiye da dalma. Haka kuma masana'antun ƙarni na 19 ba su daidaita awo kamar na yau ba. Bindigogi biyu masu suna ɗaya na iya bambanta a faɗin bututu, ballantana bayan shekara ɗari na tsatsa da goga. Ko .22 Hornet da ya zo daga baya, bindigoginsa na farko sun ɗan fi na bayan yaƙin duniya na biyu matsewa. Mai zubi yana iya auna bututunsa ya daidaita ƙwayar da shi, abin da harsashin kanti ba ya yi masa.

Dalma tana narkewa a kusan digiri 327 na ma'aunin Selsiyas, zafin da ƙaramar tukunyar lantarki ke kaiwa. Tsurarta ta yi taushi da yawa, don haka ake gauraya ta da kuza domin ta cika mazubi da kyau, da kuma antimoni domin ta yi tauri. Shekaru da dama masu zubi sun dogara ne ga tarkace: 'yan ƙarafan dalmar da ake maƙala wa ƙafar mota domin daidaita ta, da kuma dalmar haruffan ɗab'i da gidajen jaridu suka zubar sa'ad da suka bar injinan Linotype. Da laba ɗaya ana samun kimanin ƙwaya 60 ta .32-20 mai nauyin giren 115, kuma wannan araha ce ta riƙe sana'ar a lokutan ƙunci.

Babbar matsalar ƙwayar zubi ita ce barin dalma a jikin bututu. Idan ƙwayar ta yi ƙanƙanta, iska mai zafi kan zagaye ta ta narka gefenta, ta shafe tsagen da dalma har harbi ya daina daidai. Maganin gargajiya shi ne man shafawa mai kakin zuma a cikin zoben da ke jikin ƙwayar. A farkon ƙarni na 20 kamfanin Ideal ya yaɗa wata 'yar hular jan ƙarfe da ake sa wa gindin ƙwaya domin kare shi daga wuta. A 'yan shekarun nan kuma wasu sun koma lulluɓe ƙwayar da fentin gari da ake gasawa.

Ƙanƙantar bututu na ƙara wa aikin wuya. Ƙwayar .22 ta zubi ba ta wuce giram uku ko makamancin haka ba, don haka ɗan ramin iska ko karkacewar gindi da babbar ƙwaya za ta shanye, ita sai ya kautar da ita daga bara. Masu gasa sukan auna kowace ƙwaya su mayar da wadda ta saɓa cikin tukunya. Siffar kan ƙwayar ma tana da ƙa'ida: a bindigogin da harsasai ke jere cikin bututun ajiya, kan na baya yana taɓa makunnin na gaba, shi ya sa ake amfani da ƙwaya mai faffaɗan kai domin girgizar harbi kada ta tayar da na gaba.

Haɗarin da ke ciki

Haɗari na farko shi ne matsi. Kwanson da aka ƙera domin baƙin albarushi yana da sarari da yawa, albarushi mara hayaƙi kuma ɗan kaɗan ake bukata. Mutum na iya zuba awo biyu a kwanso ɗaya bai lura ba, sakamakon kuwa fashewar bindiga ce a hannunsa da gaban fuskarsa. Ƙarfin bindigogin ma ba ɗaya ba ne. Akwai lokacin da masana'antu suka sayar da .32-20 mai ƙarin gudu domin samfurin 1892 kaɗai, tare da gargaɗin kada a sa shi a samfurin 1873 ko bindigar hannu. Ƙungiyar masana'antun makamai ta Amurka, SAAMI, da aka kafa a 1926, da takwararta ta Turai, CIP, da ta samo asali a 1914, su ke ƙayyade iyakar matsin kowane harsashi. Littattafan jagora da ake gwada alƙalumansu a ɗakin gwaji su ne madogarar mai ɗuri, kuma yawancin kamfanonin bindiga suna janye garantinsu idan aka yi amfani da harsashin gida.

Haɗari na biyu ita ce dalmar kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa. Tana shiga ta ƙura da hayaƙi da hannun da ba a wanke ba, tana lalata ƙwaƙwalwar yara, a manya kuma tana taɓa ƙoda da hawan jini. Ba a wajen narkawa kaɗai ake shaƙar ta ba, domin yawancin makunnai na ɗauke da sinadarin dalma, kuma ƙurar tsaftace kwanso cike take da shi. Ɗigon ruwa da ya nutse cikin narkakkiyar dalma yakan zama tururi nan take ya watsa ta a jikin mai aiki.

Mai karatu a arewacin Najeriya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan wannan guba. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, bayan da aka riƙa niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Hanyar ta bambanta da ta mai zubi a garejinsa, amma darasin ɗaya ne, wato aikin dalma a inda yara ke wasa da cin abinci yana kashewa.

Haɗari na uku ya shafi dabbobin daji. Tsuntsayen da ke cin mushe suna haɗiye gutsattsarin dalma daga dabbar da aka harba. Amurka ta haramta harsashin dalma wajen farautar tsuntsayen ruwa a 1991. Kalifoniya, domin ceton babbar ungulunta da ta kusa ƙarewa, ta zartar da doka a 2013 wadda ta hana duk wata farauta da dalma daga 1 ga Yulin 2019. Tarayyar Turai ta hana harsashin dalma na tsuntsaye a fadamu daga Fabrairun 2023. Tushen dalmar ma yana ƙafewa: Turai ta hana dalmar ƙafar mota a 2005, Kalifoniya a 2010, kuma masana'antar narka ɗanyar dalma ta ƙarshe a Amurka, da ke Herculaneum a jihar Missouri, ta rufe a ƙarshen 2013.

Abin da dokoki suka ce

A Amurka dokar tarayya ba ta neman lasisi ga wanda ke ɗuri domin amfanin kansa. Wanda zai yi domin sayarwa a matsayin sana'a dole ya karɓi lasisin ƙera harsashi daga hukumar ATF ƙarƙashin dokar makamai ta 1968, kuma akwai harajin kashi 11 cikin ɗari kan harsashin kasuwa, wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware wa kula da dabbobin daji. Wanda aka haramta wa mallakar bindiga, kamar mai babban laifi, an haramta masa harsashi, kuma ma'anar harsashi a dokar ta haɗa da kwanso da makunni da ƙwaya da albarushi. Bayan harbin Las Vegas na 1 ga Oktoban 2017, wani mutumin jihar Arizona da ya sayar wa maharin harsasai ya amsa laifin ƙera harsashi ba da lasisi ba, aka ɗaure shi wata 13.

Wasu jihohi sun ƙara nasu sharuɗɗa. Kalifoniya ta fara binciken mai sayen harsashi a 2019, dokar da ake ta shari'a a kanta, New York kuma a 2023. Haka nan duk lokacin da siyasa ta yi zafi harsashi yakan ɓace daga kantuna: bayan zaɓen Barack Obama a 2008, bayan kisan makarantar Sandy Hook a Disamban 2012, da kuma lokacin annobar korona a 2020. A ƙarancin na 2020 ne masu ɗuri suka ga iyakar 'yancinsu. Suna da dalma, suna da kwanso, amma makunni ya yi wuya, kuma shi da albarushi mara hayaƙi kayan masana'anta ne. Manyan sunayen makunni a Amurka huɗu ne: CCI, Federal, Remington da Winchester. Ukun farko suna ƙarƙashin uwar kamfani ɗaya, wadda wani rukunin kamfanonin ƙasar Cek ya saya a 2024.

Birtaniya ta kama zaren ta nan. Dokarta ta 2006 kan rage laifukan tashin hankali ta hana sayar da makunnin harsashin kwanso sai ga mai takardar izinin bindiga. Bayan shari'ar Edmunds da makamantanta, ƙa'idojin 2021 suka fayyace cewa bindiga ba ta zama kayan tarihi sai an ƙera ta kafin 1 ga Satumban 1939, suka kuma cire nau'in harsashi bakwai daga jerin waɗanda aka ɗauka sun mutu, ciki har da .44 Smith & Wesson Russian da .320 British. Dokar 2023 ta ƙara da cewa riƙe sassan harsashi da niyyar haɗa shi ba da izini ba laifi ne. A Jamus kuma mai son ɗuri sai ya yi kwas, ya ci jarrabawa, ya karɓi izini ƙarƙashin sashe na 27 na dokar abubuwa masu fashewa kafin a sayar masa da albarushi.

Harsashin gida ba ya ɓuya daga masu bincike kamar yadda wasu ke zato. Mazubi da matsi suna barin tabonsu a jikin kowace ƙwaya da kwanso, kuma irin waɗannan tabo ne suka taimaka wa hukumar binciken harsasai ta Birtaniya, NABIS, ta gane cewa hannu ɗaya ne ke bayan harsasan da aka tsinta a wurare daban-daban. Amma ba kowace hanyar bincike ce ta tsaya ba. Hukumar FBI ta shafe shekaru tana kwatanta sinadaran dalmar harsashi domin danganta shi da wanda ake zargi, sai ta daina a 2005 bayan wani rahoton majalisar binciken kimiyya ta ƙasar na 2004 ya nuna rauninta.

Ina Najeriya ta tsaya

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na yaƙi, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa. Akwai na kai, kamar bindigar farautar tsuntsaye, da ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai masu ɗurin baki, irin su adaka da bindigar toka ta mafarauta, waɗanda kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba wa izini. Dokar ta hana kowa ƙera ko haɗa ko gyara bindiga ko harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko ta soja, ko da izini na musamman, kuma saɓa wannan na jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Abin da ɗan Wisconsin ke yi a garejinsa da yamma, a Kano ko Gusau babban laifi ne. Ƙera harsashi a hukumance aikin hukumar DICON ne, wadda aka kafa a Kaduna a 1964.

Mafaraucin Hausa da ke ɗura adakarsa ta baki ya fi kama da Ba'amurken da ya rayu kafin zuwan kwanso. Shi kuwa harsashin da ke cikin AK-47 ta 'yan bindiga na masana'anta ne, galibi da kwanson ƙarfe da makunnin Berdan, irin da ko ƙwararrun masu ɗuri ba su cika wahalar da kansu a kai ba. Hanyarsa ta zuwa daji ita ce fasa-ƙwauri ta kan iyaka, da kwacewa ko karkatarwa daga rumbunan gwamnatocin yankin. Shi ya sa yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, da aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta ambaci harsashi a cikin sunanta, kuma Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da tsarin kula da harsasai na duniya a Disamban 2023. Najeriya ta kafa cibiyar kula da ƙananan makamai ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a 2021.

Kiran a bar jama'a su mallaki bindiga domin kare kai yakan dawo duk lokacin da kashe-kashe suka yi yawa, kamar yadda gwamnatin Zamfara ta yi a Yunin 2022. Masu goyon baya da masu adawa sukan tsaya kan bindigar. Tarihin .32-20 ya nuna cewa bindiga na iya kwana shekara ɗari da arba'in tana jiran mai ɗura ta, shari'ar Birmingham kuma ta nuna abin da ke faruwa idan doka ta ƙirga bindigogi ta manta da abin da suke ci. Duk wani ƙudurin makamai da zai zo gaban majalisa, tambayoyin da ya kamata a yi masa su ne wa zai sayar da harsashi, wa zai rubuta adadin da ya fita da hannun da ya shiga, kuma wa zai amsa tambaya idan aka tsinci kwanson rumbun gwamnati a ƙauyen da aka kai wa hari.